Shekarar da Na Sa Inna Ta Yi Magana

Na gaji da jin labarin nan a bakin da ba nawa ba. Ranar sunan ɗiyar Nafisa ina zaune ina jin gwaggonku Talatu tana raɗa wa wata baƙuwa wai ni ce na kori Inna daga gidan ɗanta, na ci mutuncinta a gaban mutane. Ke Nafisa da kai Usman kuna ji kuka sunkuyar da kai, domin kun taso kun tarar ana faɗar haka, kun ɗauka gaskiya ce. To ku zauna ku karanta. Lokacin da abin ya faru ke Nafisa ko yaye ki ban daɗe da yi ba, kai kuwa Usman ban da ƙwallo ba abin da ka sani. Ban kori kakarku ba. Tilasta mata na yi ta buɗe baki a kan ɗanta, kuma ba don haka ba da a shekarar nan aka binne babanku.

A lokacin muna Kubwa, a gidan haya mai ɗaki biyu da falo. Babanku yana fita tun da duku-duku ya bi layin bas zuwa ma'aikatarsu a cikin gari, ni kuma ina koyarwa a wata sakandare ta hanyar Bwari. Mutum ne da bai san asibiti ba. Har alfahari yake yi da haka. Ko takardar shaidar lafiya da ya kai lokacin ɗaukar aiki, yana dariya yake ba ni labari wai wanda ya sa mata hannu ko ɗago kai bai yi ya dube shi ba. Sai ga wani haƙorin turmi ya matsa masa. Na ce ya je asibitin haƙori, ya ce wa ke da lokacin zaman layi. Wani abokin aikinsa ya kai shi bayan kasuwa wurin wani mutum mai cire haƙori a shago, cikin hutun azahar aka gama. Ya dawo gida da auduga a baki, yana yi mini nuni da hannu wai kin gani, an wuce wurin.

Bayan 'yan makonni zazzaɓi ya fara. Ba irin mai kayar da mutum ba ne, da ma shi ne da an ɗauke shi da muhimmanci. Da yamma jiki ya yi ɗumi, kafin safiya zufa ta jiƙe zanen gado sharkaf, gari na wayewa ya ce ya ji sauƙi ya saɓa jaka ya tafi aiki. Kun san Abuja, ciwo biyu kawai aka yarda akwai a garin nan, malariya da taifot. Mai kemis ɗin layinmu ya ba shi maganin duka biyun. Ya yi kwana kaɗan lafiya, zazzaɓi ya dawo. Muka je wani ƙaramin asibitin kuɗi, aka ɗibi jini, aka ce taifot ne bai fita ba, aka canja kafso. Ogansa na ofis ya aiko da sunan wani magani wai shi ya warkar da direbansa. A masallaci aka haɗa shi da tazargade da ganyen gwanda. Kowa a Kubwa ya zama likita a kan mijina, kuma duk abin da aka ba shi sai ya sha, don kada mai bayarwa ya ji ba daɗi. Wata biyu muna haka. Wando ya fara zamewa daga ƙugunsa, ina kallo ya sa ƙusa ya huda sabon rami a bel. Hawa matakala biyu na ƙofar gida sai ya tsaya ya huta. A duk wuraren nan da muka je babu wanda ya ɗora masa abin sauraren nan a ƙirji, ni ma kuma ban san in ce a ɗora ba.

Yanzu sai na yi muku bayanin Inna, tun da ku 'yan Abuja ne, abin da kuka sani a kai na wasan kwaikwayo ne. Babanku shi ne ɗanta na fari, su kuwa mutanen ƙauyensu, can gaba da Funtuwa, kunyar ɗan fari ba wasa ba ce a wurinsu. Inna ba ta faɗar sunansa. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta tambayar lafiyarsa, in ana maganarsa sai ta tashi ta sami abin yi. Ana yaye shi aka miƙa shi ga ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Hassi, ita ta rene shi, kuma ta rasu tun kafin a yi aurenmu. Mahaifinsa ma ya riga ta. Ni 'yar cikin Kano ce, mu ma muna yin kara, amma tamu ba ta kai haka ba. Duk da haka ban taɓa raina abin ba. Har burge ni yake yi, in ga tsohuwa ta riƙe kanta haka shekara da shekaru.

Talatu ce ta kai mata labarin rashin lafiyar. Kwatsam sai ga Inna a ƙofar gida da buhun kuka da daddawa, wai idonta ne ke mata hazo, ta zo a duba mata a birni, ta kuma ga Nafisa. Idon da ko sau ɗaya ba ta sake ambatarsa ba sai ranar tafiyarta. Ta sauka a ɗakinku. Babanku ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, muryarsa da ƙyar take fita, ita kuwa ta juya tana gyara wa Nafisa ɗankwali tana amsawa kamar da bango take. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, mutum ya koma kamar sillen kara, ke ko kallo ɗaya. Abinci kuwa ba ta ci sai ta taɓa ta ture. Wata rana ina suya ta tsaya a ƙofar kicin ta tambaye ni ko a asibitocin nan namu suna ɗora abin nan a ƙirjin mutum su saurara. Na ce wani lokaci suna yi. Ta ce to, ta koma. Mai yana ƙonewa, ku kuna kuka, ban tsaya na tambayi kaina me ya kawo wannan magana ba.

Inda take yini shi ne wurin maƙwabciyarmu Maman Blessing, 'yar kudancin Kaduna, mai ɗan shagon kayan masarufi a ƙofar gida. Mace mai kirki, ita ke riƙe mini ku in na makara a makaranta. Na yi murna ma da Inna ta sami abokiyar hira. Ran wata Asabar na fita sayen sukari, Maman Blessing tana auna mini tana dariya.

"Maman Usman, wannan Mama naku akwai labari. Amma kullum labari ɗaya ne. Wai wani yaro a garinsu, an haife shi da rami a zuciya. Likita ya ce in ya girma kada a cire mishi haƙori sai an faɗa, in zazzaɓi ya daɗe a kai shi a duba zuciya. Ni har na gaji. Jiya na ce mata, Mama, Allah ya jiƙan yaron. Ta ce ai bai mutu ba."

Na tambaye ta tun yaushe take ba ta wannan labari. Ta ce tun satin da ta zo. Lokacin Inna ta kusa mako uku a gidana.

Na zauna a kan bencin shagon. Nan take na gane komai. Saƙo Inna take aikowa, kuma a wurinta ta bi hanyar da ta dace: ba za ta yi maganar ɗanta da bakinta ba, sai ta ba wani labarin a kaikaice, shi kuma ya kai inda ya kamata. Da a ƙauyensu ne, kowace maƙwabciya tun a faɗa ta farko za ta gane, ta yafa gyale ta zo ta same ni. Amma Maman Blessing a gidansu ɗan fari ake rungumewa a kira shi da suna tun daga bakin titi. Ina za ta san da wannan? Ta ɗauka hirar tsofaffi ce. Da na yi mata bayani ta ɗora hannu a ka tana ta ba ni haƙuri, na ce ke ba ki da laifin komai. Inna kuma kullum tana komawa shagon tana maimaitawa, tana jiran saƙo ya iso, saƙon yana nan zaune tsakanin gwangwanayen madara.

Na shiga gida na durƙusa a gabanta da ladabi, kamar yadda aka koya mini. Na ce Inna, yaron da kike ba Maman Blessing labarinsa, mai gidan nan ne? Ta ɗauki carbinta. Ta ce labarin mutanen da ne, ni dai in kula da gidana. Na sake tambaya, na haɗa ta da Allah. Ta tashi ta shiga banɗaki. Na wuce wurin babanku na zayyana masa komai, na ce ya tashi ya je ya tambaye ta da kansa. Mutumin nan yana kwance, zufa na bin wuyansa, ya dube ni kamar na ce ya yi sata.

"Haba Binta. Ni zan tsaya gaban Inna in sa ta yi maganata? Ki bari dai, in akwai wani abu ai da Gwaggo ta gaya mini."

Kun ji fa. Uwa ba za ta faɗa ba, ɗa ba zai tambaya ba, kowannensu yana ji da tarbiyyarsa, ni kuma an bar ni a tsakiya ina shanya zanen gado. Ranar na shiga kicin na rufe ƙofa na yi kuka, kuma kukan haushi ne zalla.

Ranar Litinin muna da ganin likita a asibitin gwamnati, domin an fara zancen ko tarin fuka ne, za a ɗora shi a kan magani na wata da watanni. Na ce wa Inna ta shirya, yau za a duba idon nan. Ba ta da yadda za ta yi, ita ta ce ido ya kawo ta. Na zaunar da ita a benci a baranda, ni da babanku muka shiga. Likitan saurayi ne, layi ya kai har waje, ya riga ya fara rubutu. Na ce masa ina jin akwai matsalar zuciya tun haihuwa. Ya tambayi babanku, babanku ya ce shi bai san da wannan ba, lafiyarsa ƙalau tun yana yaro. Likita ya tambaye ni a ina na ji. Da na fara cewa maƙwabciyata ce ta ce surukata ta ce wani yaro, ni kaina na ji yadda maganar ta yi kama da shirme. Ya ce Madam, akwai mutane suna jira, ya ci gaba da rubutunsa.

Na fita baranda. Na kama Inna a wuyan hannu, abin da ban taɓa yi ba, na jawo ta har cikin ofishin. Ga likita, ga nas, ga babanku yana ƙoƙarin miƙewa ya fita don kunya. Na tare ƙofa. Abin da na faɗa shi ne wannan, kuma ku riƙe shi yadda yake, domin an ƙara masa gishiri da yawa a bakin dangi:

"Inna, ga Lawal nan. Ɗanki ne, ke kika haife shi, babu wani yaro a garinku. Mutuwa yake yi. Ki gaya wa likita abin da aka gaya miki. In kika ƙi, ranar da aka ɗauko gawarsa ni zan tsaya gaban mutane in ce kin sani."

Inna ta juya ta fuskanci bango, ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta fara magana da wata ƙaramar murya da ban san tana da ita ba. Ta ce yana jariri ba ya iya shan nono sosai, sai ya yi ta haki yana zufa. Suka kai shi asibitin mishan, likita ya saurari ƙirjinsa ya ce akwai ɗan rami a zuciyar, ƙarami ne, zai iya girma da shi, amma a kiyaye abu biyu, haƙori da zazzaɓi mai daɗewa. Ranar da ta miƙa shi ga Hassi ta gaya mata. Hassi ta yi ta ba shi rubutu, da ta ga yana guje-guje kamar kowane yaro sai ta ce ya warke, kada a ƙara tayar da zancen, don kada a hana shi mata in ya girma. Ita kuwa Inna ba ta da bakin da za ta tambaya. Har ta gama ba ta ambaci sunansa ba, "shi" kawai take cewa.

Likitan ya ajiye biro. Ya tashi ya ɗora abin sauraren a ƙirjin babanku, ya daɗe, ya matsar, ya sake saurara. Na ga fuskarsa ta canja. Ban ƙullace shi ba, domin daga nan bai yi wasa ba, a ranar ya tura mu babban asibiti a cikin gari. Can aka yi hoton zuciya. Wata likita mai haƙuri ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce ramin yana nan tun haihuwa, jini yana tsartuwa ta cikinsa da ƙarfi yana gurje wani marfi da ke kusa, mai buɗewa da rufewa kamar bawul ɗin taya. Ranar da aka cire haƙorin, ƙwayoyin cuta na baki suka shiga jini, suka sami wurin nan da ya gurje suka maƙale, suka yi ta taruwa suna cin marfin. Kafson da yake ta sha yana kwantar da su ne kawai ba ya kashe su, ya kuma ɓata gwajin jini, sai da aka yi ta maimaitawa kafin a gane irinsu. Magani sai allura ta jijiya, a kwance a asibiti, wajen mako shida. Na tambaye ta da mun zo tun makonnin baya fa. Ba ta so amsawa ba. Da na nace ta ce da ya fi sauƙi.

Washegarin ranar da ta yi maganar nan Inna ta ɗaure kayanta. Na roƙe ta ta zauna, ta ce idon ya yi sauƙi. Na dafa mata abin karyawa, ba ta taɓa ba. Maman Blessing ce ta raka ta tasha. Wannan ita ce korar da kuke ji.

A mako na biyu a asibiti, wata safiya ina ba shi shayi, kofin ya suɓuce daga hannunsa. Na ɗaga kai zan yi masa tsiya sai na ga bakinsa ya karkace. Wani ɓangare na abin da ya taru a kan marfin ne ya ɓalle, jini ya kai shi ƙwaƙwalwa. Ƙafa ta dawo daga baya, magana ma ta dawo a hankali, hannun hagu ne bai dawo ba har yau. Bayan nan suka ce marfin ya lalace, sai an yi aiki an canja shi da na ƙarfe. Filinmu na Bwari da muke burin ginawa a nan ya tafi. Ƙarar nan da kuke ji a ƙirjinsa kamar agogo in ɗaki ya yi shiru, da kuna yara kuna rige-rigen sa kunne, ta marfin ƙarfen ce. Shi ya sa yake shan maganin tsinka jini kullum, shi ya sa kuma ko wankin haƙori za a yi masa sai na je na tsaya a kan likita na karanta masa tarihi tun daga asibitin mishan.

Ni Musulma ce, na san abin da Allah ya rubuta ba ya kuskure. Amma kada wanda ya ce mini kada in ji haushi. Makonnin nan da saƙo ya yi yana zaune a shagon ƙofar gidana, ban san ko su ne suka ci hannun babanku ba, likitoci ma ba su ce sun sani ba, amma ba ranar da ba na tuna su. Kuma kada ku ɗauka ina cewa Inna ba ta son ɗanta. Tsohuwar da ba ta taɓa wuce Zariya ba ta hau mota ita kaɗai har Abuja, ta kasa cin abinci, ta yi ta zarya wurin baƙuwa tana maimaita labari ɗaya. Wataƙila ta fi ni son sa. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da ƙiyayya ce da na san yadda zan yi da ita.

Da bakinsa ya saki, doguwar maganar da babanku ya fara yi mini ba godiya ba ce. Cewa ya yi in shirya in je in ba Inna haƙuri, na sa ta kuka a gaban baƙi. Na dube shi, ga robar ƙarin ruwa a hannu, ga ƙirji a ɗinke. Amma na je. Bayan an sallame shi na hau mota har ƙauyen, na durƙusa a tsakar gida gaban su Talatu. Na ba ta haƙurin kama hannunta da na yi, domin wannan kam bai dace ba. Sauran ban ba da haƙurinsa ba, kuma ta lura. Ta ce ba komai, ta tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a nan. Ni na ƙara da kaina na ce mai gidan ma yana samun sauƙi, yana takawa. Ta ce rana ta yi zafi, a kawo mini ruwa. Ba ta sake taka gidana ba har Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Na yi rashinta fiye da yadda gwaggonninku suke zato.

Shi kuwa babanku har yanzu bai sauka daga kan bakansa ba. Kun san ni nake sa masa maɓallan riga kowace safiya, tun daga shekarar nan, domin hannu ɗaya ba ya iyawa. Ko a makon jiya, ina tsaye a gabansa ina sawa, ga furfura ta cika mana kai mu duka, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce amma dai Binta, ranar nan ba ki kyauta wa Inna ba.

Na ce masa ya ɗaga haɓarsa, saura na wuya.